Ciwon guringuntsin gwiwa: yoga, gashin ƙashi, allura ko tiyata?

Wanda likita ya ce masa guringuntsin gwiwarsa ya samu rauni yakan sha shawarwari iri-iri. Wani ya ce ya je a yi masa tiyata ya huta, wani ya ce allura ɗaya ta ishe shi, wani kuma ya turo masa bidiyon yoga yana cewa shi da ita ya rabu da nasa ciwon. Kowace hanya a cikin waɗannan akwai wanda ta yi wa rana, kuma akwai wanda ta ƙara wa wahala. Mafi yawan lokaci irin raunin da ke cikin gwiwar ne ke raba su.

Wane guringuntsi ne ya ji ciwo?

Guringuntsi iri biyu ne a gwiwa. Na farko shi ne mai santsin nan da ya lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya, da saman ƙashin ƙwauri, da bayan ƙoƙon gwiwa. A mafi yawan wurare kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal. Na biyu shi ne maniskos, faya-fayai biyu masu siffar harafin C, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da ke zaune tsakanin ƙasusuwan suna rarraba nauyin jiki.

Mai santsin ba shi da hanyar jini ko ɗaya, kuma ba shi da jijiyar jin zafi. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kamar soso: in an taka ya matse ya fitar da ruwa, in an ɗaga ƙafa ya sake tsotsa. Saboda haka in ya gutsure ba ya tsirowa kamar yadda fata ke yi, kuma in aka daina motsa gwiwar gaba ɗaya ya rasa abinci. Shi kuwa maniskos, kusan kashi ɗaya bisa uku na gefensa na waje ne jini ke kaiwa. Yagewar da ta faru a can tana iya haɗewa, musamman in an ɗinke. Ta can ciki ba kasafai take haɗewa ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin raunin da ya zo farat ɗaya, kamar ɗan wasan da ƙafarsa ta kafe a ƙasa jikinsa ya juya, da wanda ya zo a hankali saboda shekaru da zaizayewa. A wani bincike da aka wallafa a 2008 kan mutanen garin Framingham na Amurka, an ɗauki hoton MRI na gwiwoyin mutum 991 masu shekara 50 zuwa sama. Kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka ga yagewar maniskos a hotonsu ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabaci binciken. Wato ganin yagewa a hoto bai tabbatar da cewa ita ce ke damunka ba.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Abu na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne ko hanyar ta dace da irin rauninka. Sai ƙarfin hujjar da ke bayanta, wato ko an gwada ta a kan mutane da yawa aka kwatanta da wata. Bayan haka sai kuɗi, da tsawon lokacin da amfaninta ke ɗorewa, da sauƙin bin ta ga mai aiki da iyali, sannan haɗarin da ke cikinta in abu ya karkace. Abu ɗaya da ban sa a ma'aunin ba shi ne "sake tsirar da guringuntsi", domin babu motsa jiki, ko ƙwaya, ko allurar da aka tabbatar tana yin haka. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, ka yi hattara da shi.

Yoga ta jinya

Yoga daga Indiya ta fito, kuma salo-salo ce. Wadda ta shafi mai ciwon gwiwa ita ce wadda aka sassauta domin marasa lafiya, ana amfani da kujera, bango, ɗamara da bargo a matsayin abin dogaro. Malamin da ya yaɗa amfani da waɗannan kayan tallafi shi ne B.K.S. Iyengar na birnin Pune, wanda ya rasu a 2014, kuma salonsa ne aka fi ba masu rauni domin a hankali ake shiga kowace tsayuwa, ana lura da inda kowace gaɓa ta fuskanta.

Amfaninta ga gwiwa ta hanyoyi uku ne. Tsayuwar da ake riƙewa na wasu daƙiƙu tana ƙarfafa tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu ba tare da tsalle ko bugun ƙasa ba. Tana sassauta ƙugu da idon sawu, waɗanda in sun yi tauri gwiwa ce ke biyan bashin. Sannan tana koya wa mutum daidaita tsayuwa da sarrafa numfashi, abin da ke rage fargabar motsi. Wannan fargabar ba ƙaramin abu ba ce, domin mai ciwon da ya daɗe yakan riƙa kare ƙafar har tsokarta ta shanye.

Hujja fa? Akwai, amma a san iyakarta. Gwaje-gwajen da suka fi inganci a kan masu amosanin gwiwa aka yi su, wato waɗanda guringuntsinsu ya zaizaye a hankali. A 2025 an wallafa wani gwaji daga Tasmaniya ta Ostareliya mai mutum 117, inda aka raba su gida biyu, wasu na yoga wasu na atisayen ƙarfafa tsoka. Bayan mako 12, raguwar ciwon masu yoga ba ta gaza ta ɗaya ɓangaren ba. Wani gwajin na 2022, shi ma daga Ostareliya, mai mutum 212, ya gwada yoga ta intanet ba tare da malami a kusa ba. Yadda suke iya tafiya da hidimar yau da kullum ya inganta a mako 12, amma ciwon bai ragu fiye da na waɗanda ba su yi ba, kuma zuwa mako 24 ribar ta dushe. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka, a jagorarta ta 2019, ta amince da yoga ga amosanin gwiwa bisa sharaɗi, alhali motsa jiki gaba ɗaya, da rage ƙiba, da taici (wani motsa jiki na Sinawa da ake yi a hankali), ta ba su cikakken goyon baya.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau shi ne haɗarin. Gwiwa gaɓa ce ta lanƙwasawa da miƙewa, juyawarta kaɗan ce. Abin da maniskos ya fi ƙi shi ne a lanƙwasa gwiwa sosai sannan a murɗa ta, kuma wasu sanannun zaman yoga haka suke yi daidai. Ɗauki padmasana, zaman da ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya ƙafar. In ƙugu ya buɗe yadda ya kamata, daga can juyawar ke fitowa. In ƙugu ya yi tauri, mutum ya sa hannu ya jawo ƙafar sama da ƙarfi, ƙashin ƙwauri ne ke murɗewa, sai ɓangaren ciki na gwiwa ya matse maniskos ɗin da ke wurin. Ga wanda nasa ya riga ya yage, wannan jawowar kaɗai tana iya faɗaɗa yagewar. Haka birasana, inda ake durƙusawa a zauna tsakanin dugadugai, da tsugunnawa har ƙasa, da zaman da ake kwantar da ƙafar gaba a karkace a kife a kanta. Mai raunin guringuntsi ya bar waɗannan, ko da malamin aji ya ce kowa ya gwada.

Abin da ya dace da shi ya fi waɗannan sauƙin gani. Ka kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe na numfashi biyar. Ka jingina bayanka da bango ka sauka kaɗan kamar mai shirin zama, amma ka tsaya tun da sauran nisa kafin cinya ta yi daidai da ƙasa, kana kallon ƙoƙon gwiwarka ya fuskanci yatsan ƙafa na biyu, kada ya faɗa ciki. Ka kwanta ka sa ɗamara a tafin ƙafa ka ɗaga ta a miƙe domin sassauta bayan cinya. A tsaye kuma kada ka danne gwiwar baya har ta ƙure, ka bar ta da ɗan sassauci. Ƙa'idar da masu gashin ƙashi ke bayarwa ta shafi yoga ma: ɗan ciwon da za a iya jurewa lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin ya lafa cikin awa 24. Suka mai tsini a gefen gaɓar, ko kumburi washegari, alama ce an wuce gona da iri.

Ta fuskar kuɗi, yoga na cikin masu araha. Tabarma da kujera sun isa, sai kuɗin malami na zaman farko-farko, wanda ni ba na ganin ya kamata a yi rowarsa. Sai dai horon malaman yoga bai zama iri ɗaya ba, kuma da yawansu ba su karanci rauni ba. Ka tambayi malami ko ya taɓa aiki da masu ciwon gwiwa, ka kuma faɗa masa abin da likita ya gano kafin ka hau tabarma. Ɗorewar amfaninta kuwa tana tare da ɗorewarka: ka daina, ta daina.

Gashin ƙashi da atisayen ƙarfafa tsoka

Wannan ce hanyar da ta fi kowacce hujja ga yagewar maniskos ta zaizayewa. A Norway, a gwajin da aka wallafa a 2016, an raba mutum 140 masu matsakaicin shekaru: rabi aka yanke musu ɓangaren maniskos da ya yage, rabi suka yi atisaye na mako 12 ƙarƙashin kulawa. Bayan shekara biyu babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu, kuma masu atisayen sun fi ƙarfin cinya a watannin farko. Gwajin METEOR na Amurka a 2013, mai mutum 351, da na ESCAPE na Holan a 2018, mai mutum 321, sun nuna kusan abu ɗaya. Gaskiya ne cewa a waɗannan biyun kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka fara da atisaye daga baya sun koma an yi musu tiyata. Amma hakan na nufin mafi yawansu ba su buƙace ta ba.

Fifikonta a kan yoga shi ne aunawa. Mai gashin ƙashi zai duba ƙarfin ƙafa mai ciwo ya kwatanta da lafiyayyar, ya ga yadda kake sauka daga matakala, ya tsara atisaye, sannan ya riƙa ƙara nauyi mako bayan mako. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ƙara mata aiki, kuma yoga takan kai wani matsayi ta tsaya, tunda nauyin jikinka kawai take amfani da shi. Aibinta shi ne zirga-zirga da kuɗin zama-zama, ga gundura. Mutane da yawa na yin mako uku, su ji sauƙi, su watsar. Haɗarinta kaɗan ne ƙwarai.

Keke da motsi cikin ruwa

Waɗannan mataimaka ne, ba su wadatarwa su kaɗai. Keken da ke kafe wuri ɗaya yana juya gwiwa sau ɗaruruwa ba tare da bugu ba, kuma guringuntsi na son haka. A ɗaga sirdin yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Tafiya cikin ruwan da ya kai ƙirji tana sauke mafi yawan nauyin jiki, don haka ta dace da mai ƙiba ko wanda taka ƙasa ke yi masa zafi. A guji iyo irin na kwaɗo, domin shurin da ake yi a cikinsa yana murɗa gwiwa. Kuma tunda an ambaci ƙiba: binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke kusan kilo huɗu daga kan gwiwa a kowane taku.

Allura a cikin gaɓa

Allurar sitiroyid tana kwantar da kumburi da sauri, kuma sauƙin kan ɗauki makonni. Amfaninta na gaskiya shi ne ta buɗe wa mutum ƙofar fara atisaye in ciwo ya hana shi. Maimaita ta ne matsala. A gwajin 2017 da aka yi a Boston, mutum 140 masu amosanin gwiwa sun riƙa karɓar allura duk bayan mako 12 har shekara biyu, wasu sitiroyid wasu ruwan gishiri. Masu sitiroyid sun fi asarar guringuntsi, kuma ciwonsu bai fi raguwa ba. Mai ciwon sukari ya sani cewa tana ɗaga sukari na 'yan kwanaki.

Sauran alluran, kamar mai sa santsi a gaɓa, da wadda ake tacewa daga jinin mutum a mayar masa, da ta ƙwayoyin asali (ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama wasu nau'ukan ƙwayoyi), suna da tsada, kuma jagorar 2019 da na ambata ba ta goyi bayansu ga amosanin gwiwa ba. Biyun ƙarshe ma ta yi hani da su kai tsaye. Kowace allura tana ɗauke da ɗan haɗarin shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa, abin da ba ya yawan faruwa amma in ya faru babba ne.

Tiyata

Tiyata ba abu ɗaya ba ce, kuma haɗa su a kwando ɗaya ne ke ruɗa mutane. Akwai yanke ɓangaren maniskos da ya yage ta ƙananan huji da kyamara. Ana tashi da wuri, cikin makonni an koma aiki. Amma ga yagewar zaizayewa ba ta fi atisaye ba. A Finlan, a 2013, an kwatanta ta da tiyatar bogi a kan mutum 146, inda aka shiga da kyamara ba a yanke komai ba, kuma bayan shekara guda sakamakon ɓangarorin biyu ya yi daidai. Ga shi kuma tun 1948 likitan Ingila Fairbank ya bayyana yadda gaɓa ke lalacewa bayan an cire maniskos. Duk abin da aka yanke ya tafi ke nan.

Akwai ɗinke maniskos, wanda ke ceton faifan. Shi ya fi dacewa da matashi mai sabon rauni a gefen da jini ke kaiwa. Jinyarsa ta fi tsawo: makonni da sanda ko takalmin gwiwa, watanni kafin komawa wasa, kuma wani lokaci ɗinkin ba ya kamawa. Sai kuma gyaran mai santsin in wani gurbi ne guda ya gutsure. Ana iya huda ƙananan ramuka a ƙashin da ke ƙasa domin jini ya fito ya cike gurbin, sai dai abin da ke tsirowa bai kai na asali ƙwari ba. Ana iya dasa ƙwayoyin guringuntsin mutum da aka raina a ɗakin gwaji, hanyar da likitocin Suwidin suka fara ba da rahotonta a 1994. Wannan na buƙatar shiga ɗakin tiyata sau biyu, ita ce mafi tsada, kuma jinyarta kan kai shekara. Kowace tiyata tana da haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, shigar ƙwayar cuta, da sandarewar gwiwa. Kuma bayan kowacce, atisaye na nan yana jiranka.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin bi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Yoga ta jinya | Kaɗan | Muddin ana yi | Ana yi a gida bayan an koya | Kaɗan, amma babba in an murɗa gwiwa a lanƙwashe |
| Gashin ƙashi | Matsakaici | Shekaru, in an ci gaba a gida | Zirga-zirga na wata 2 zuwa 3 | Kaɗan ƙwarai |
| Keke da ruwa | Kaɗan zuwa matsakaici | Muddin ana yi | Sai da keke ko wurin iyo | Kaɗan ƙwarai |
| Allurar sitiroyid | Matsakaici | Makonni | Zama ɗaya | Asarar guringuntsi in an maimaita |
| Yanke maniskos | Mai yawa | Babu fifiko a kan atisaye ga zaizayewa | Tashi da wuri | Amosani nan gaba |
| Ɗinki ko dashe | Mafi yawa | Mai tsawo in ya kama | Jinyar watanni | Na tiyata, da rashin kamawa |

Wa ya dace da me

In gwiwarka ta kulle ba ta miƙewa gaba ɗaya, ko ta kumbura cikin 'yan awanni bayan rauni, ko ba ka iya taka ta, ka manta da yoga da keke ka nemi likitan ƙashi da wuri. Kullewa kan nuna cewa wani yanki na maniskos ya juye ya shiga tsakanin ƙasusuwa, kuma jinkiri na rage damar ɗinke shi. Gwiwar da ta yi zafi jau, ta kumbura, ga zazzaɓi, wannan ta gaggawa ce a ranar.

In matashi ne kai, rauni ya zo a filin wasa, hoto ya nuna yagewa a gefe ko gurbi guda a mai santsin, zancenka da likitan tiyata ne, kuma ka tambaye shi ko za a iya ɗinkewa kafin a yi maganar yankewa. Yoga za ta shigo ne daga baya, in mai gashin ƙashi ya ba da izini.

In ka haura arba'in, ciwon ya zo a hankali, yana tashi in ka hau matakala ko ka daɗe a zaune, amma gwiwar ba ta kullewa, ka fara da gashin ƙashi na wata uku cikakku. In ƙarfi ya dawo, a nan yoga ta fi amfani, domin ita ce abin da mutane da yawa ke iya riƙewa shekara da shekaru bayan an sallame su.

In amosani ne aka tabbatar, kuma ɗaga ƙarfe ko maimaita atisaye iri ɗaya na gundurar da kai, za ka iya ɗaukar yoga a matsayin babbar hanyarka, da malami a watannin farko, da kujera da bango, ba tare da zaman da ke murɗa gwiwa ba. Ka haɗa da keke ko tafiya.

In nauyin jiki ne ya yi yawa har tsayuwa ke wahala, ka fara da ruwa da yogar da ake yi a zaune kan kujera, tare da rage ƙiba. In kuma ciwo da kumburi sun hana ka ko fara ɗaya daga cikin waɗannan, ka yi magana da likita kan allurar sitiroyid guda ɗaya, ka kuma sa ranar fara atisaye tun kafin a yi ta.